Littafi Ɗari a Rumfar Bariki

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ciwon ɗakin karatu ya kama ni ba. Ciwo nake ce masa don na rasa sunan da ya fi dacewa da shi. Samarin tsarana wasu 'yan mata ke ɗauke musu hankali, wasu doki, ni kuwa abin da nake mafarki shi ne ginin laka mai ɗaki guda, da katako jere da littattafai. A Gure ne, cikin shekarun alif ɗari tara da talatin da 'yan kai. Shekarata ashirin da biyu, ina ƙaramin mushe a lakwal, wato malamin makarantar Nasara. Ina da farin wando guda ɗaya, da hular da ta fi kaina girma, da Faransancin da nake jin ko a ƙasar masu shi sai an tsaya an saurare ni.

A Damagaram na kwaso ciwon, inda aka kai ni karatu. A biro, wato ofishin babban mushenmu na can, akwai katako hawa uku, littattafai a tsaye a kai, kowanne ya ba mutane baya. Tun ranar da na gan su na ƙudurta cewa garin da ba shi da irin wannan ƙauye ne, ko da sarki goma ke cikinsa. Da na dawo gida sai na shiga rubuta wa Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, takarda, kowane wata guda, ina roƙon a ɗebi wani abu daga lanho, harajin da ake karɓa a kan kowane mutum, a gina wa Gure ɗakin karatu. Hujjojina ba su da laifi, har gobe ina kan su. Na ce da kuɗin jama'a aka gina kaso, wato gidan yari, da su aka gina ɗakin ajiyar sirdin raƙuma, har jiminar da Kumandan ke kiwo tana da ɗakinta mai ƙofa. (Wannan ta ƙarshen bai kamata in sa ba, amma yaro da alƙalami sai Allah.)

A takarda ta bakwai ya aiko gardi, dogarin bariki, ya kira ni. Bature ne ja, mai gajeren haƙuri, ko zama bai ce in yi ba.

"Mushe," ya ce, "ba a gina barga sai da doki. Watan gobe mai duba lakwal-lakwal zai zo daga Yamai. Ka nuna masa littafi ɗari da masu karanta su, ni kuma in sa ɗakinka cikin gine-ginen baɗi. In ba su cika ɗari ba, kada in sake ganin rubutunka a kan teburina."

Daga baya na gane ya ce ɗari ne don ya huta da ni. A lokacin kuwa godiya na yi ta zubawa, na fito ina taku ɗaiɗai. Sai da na koma lakwal na duba abin da muke da shi: littafi tara, biyu daga ciki gara ta riga mu karantawa.

Saura malaman gari. Na san suna da littattafai a cikin gafaka, rataye a ɗaki, amma neman aron littafi wurin malamin Gure kamar neman aron haƙori ne. Kowa na je sai ya yi mini lale, a kawo fura, a yi addu'a, in fito hannu rabbana. Malam Kyari, wanda ya shahara da littafin magungunan mutane da dabbobi, cewa ya yi littattafansa sun yi tafiya. Ban tambayi ina suka nufa ba.

Dole na koma inda nake gudu, wato wurin Kawu Goni Bukar, yayan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya fara ɗora mini allo, kafin gardi su zo su kwashe mu zuwa lakwal. Mutum ne marar yawan magana, kuma in ya yi guda ɗaya sai ka kwana uku kana jinta.

"Mushe," ya ce (tun da na fara sa wando yake kirana haka, kuma ba don girmamawa ba), "me Nasara zai yi da littafina?"

"Gani kawai zai yi, Kawu."

"Ya iya karantawa?"

"Bai iya ba."

"To ganin me zai yi?"

Nan na kwance masa jawabi. Na ce gara tana ci, damina tana jiƙawa, gobara tana lashewa. Na ce abin da ya fi ciwo, malami na rasuwa sai magada su yayyaga littafi guda, wannan ya ɗauki farko, wancan ya ɗauki ƙarshe, kowa ya tashi a tutar babu. Na faɗi wannan da zafi, har da buga ƙirji. Ku riƙe shi, don ni na manta da shi kafin mako ya zagayo.

Kawu ya tashi ya sauko da gafakokinsa.

"Alƙur'ani ba ya fita gidan nan," ya ce. "Sauran bakwai ɗauki. Amma wannan na fiƙihu kakanka ya rubuta shi da hannunsa a Barno, a kan takarkari ya kawo shi. Ba abin da ya bar mini sai shi. Na san kowace warƙa a ciki. Yadda ka ɗauka haka za ka maido, amana ce."

"Na ɗauka, Kawu," na ce, ko ɗar ban ji ba.

Da labari ya bazu cewa Goni ya bayar, sauran suka ji kunyar a ce sun fi shi rowa. Har na Malam Kyari suka dawo daga tafiya. Na tara ashirin da biyu, na haɗa da tara na lakwal, talatin da ɗaya ke nan. Na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, ko za su ƙaru, ba su ƙaru ba.

Ga wanda bai taɓa riƙe littafin malamanmu na da ba, sai in yi bayani. Ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne sake, a jera su, a sa tsakanin bango biyu na fata, a ɗaure da igiya, a kwantar a gafaka. Ba lamba a jiki. Abin da ke riƙe da tsari shi ne kalma guda da marubuci ke sawa a ƙasan kowace warƙa, wadda ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Wata rana da hantsi ina kallon tulin nan sai Shaiɗan ya zauna kusa da ni ya yi mini lissafi mai sauƙi: abin da ba a ɗinke ba ai ana iya raba shi. Littafi guda ya zama huɗu, mai kauri ya zama shida. Bature zai gani, ya tafi, in mayar da kowanne gidansa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Na tafi wurin Ɗan Tanko baduku na ce ina son bangon littafi kusan saba'in cikin kwana goma. Ya ajiye basillarsa ya dube ni.

"Mushe, littafi ma yana haihuwa ne?"

"Kai dai yi aikinka," na ce. Ragon da nake kiwo don layya shi ya tafi a wannan ciniki.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma da na gama rabo na jera su, sai na ga wasu sun yi ƙiba, wasu kamar sun tashi daga jinya. Na Damagaram kuwa kansu ɗaya. Don haka na shiga zare warƙa daga masu ƙiba ina cusa wa ramammu, ba tare da duba na wa na zara ba, na wa na cusa wa. Na ce ai ga kalmar ƙasa nan, ita za ta nuna mini hanya. Waɗanda har yanzu ba su cika ido ba na ƙara musu da tsofaffin kayen 'yan lakwal, takardun da suke koyon lissafi a ciki. Daga ƙarshe na kwance igiyoyin duka, domin littafin Nasara ba ya ɗamara, na tsayar da su a tsaye, kowanne ya jingina da ɗan uwansa.

An kafa mini rumfar zana a gaban bariki, na ɗora allunan bencin lakwal a kan tubali, hawa uku. Ranar da baƙo zai zo gari ya taru tun da safe, har da mutanen Kelle da suka zo cin kasuwa. Malamai su ne masu karatuna, na zaunar da su a tabarma, na roƙe su kada kowa ya taɓa komai sai Bature ya iso. Suna ta kallon katakon nan. Na ji Malam Kyari yana raɗa wa na kusa da shi, "Ashe haka mutanen garin nan ke ɓoye littattafai?" Kowannensu zargin sauran yake yi. Kawu dai carbinsa yake ja.

Mai Duba dogo ne siriri, da ɗan littafin aljihu da ba ya rabuwa da shi. Irin Turawan nan ne masu son al'adun mutane, ko atishawa ka yi sai ya tambayi ma'anarta ya rubuta. Tafintan bariki, wani dattijo da ya shekara ashirin yana wannan aiki, ya matso zai fara fassara, na sa kafaɗa na tare shi. Na ce yau ni zan yi, ya huta. Ya ja da baya yana murmushi, ya ce, "Bismilla, Mushe." Da ina da wayo da murmushin nan ya ishe ni gargaɗi.

Na yi jawabina da Faransanci, na ambaci gara da gobara da lanho. Aka sa gardi ya ƙirga, ya ce ɗari cif. Kumandan ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ni kuwa a raina an gama gini, tagar nake tunanin ko gabas za ta duba ko arewa.

Sai Mai Duba ya miƙa hannu ya zaro guda daga tsakiya, ya ce yana so babban malami ya karanta masa, a fassara. Aka miƙa wa Kawu. Ya buɗe, ya ga rubutun mahaifinsa. Ya ɗaga abin a tafin hannu yana jin nauyinsa, littafin da ya saba ɗauka da hannu biyu. Sannan ya ɗago ya kalle ni. Har yau in na tuna kallon nan sai na gyara zama.

Ya fara karatu yadda aka saba, ya karanta Larabci ya fassara da Hausa, ni kuma ina juyawa zuwa Faransanci. Babin rabon gado ne.

"Idan mutum ya rasu," in ji Kawu, "ya bar mata guda, da 'ya'ya maza biyu, da mace ɗaya, to shi babban ɗan…"

Warƙa ta ƙare. Ya dubi kalmar ƙasa, ya juya, ya dubi kalmar sama. Na ga ya sake dubawa. Na san ya gane, shi ma ya san na san ya gane. Ina jiran ya tsaya, sai ya gyara murya ya ci gaba, ba tare da sautinsa ya canza ko kaɗan ba.

"…sai a samu ƙarfafa huɗu su kayar da shi. A ɗaure ƙafafunsa. A kankare masa jiki da sakaina har sai ya yi ja, a shafe shi da kanwa da man shanu. A ware shi daga 'yan uwansa kwana bakwai, kada ya sha ruwa a kwami ɗaya da su."

Ya tsaya yana jirana. Kowa yana jirana. Ina da hanya biyu, ko in ce an samu kuskure, ɗakina ya rushe tun ba a aza tubali ba, ko in fassara. Jama'a, na fassara. Kalma bayan kalma, da Faransancina mai kyau, har ina neman kalmar da ta fi dacewa da sakaina.

Idon Mai Duba ya yi haske. Alƙalaminsa ya shiga gudu. Ya ce ya zaga ƙasashe da yawa bai taɓa jin irin wannan ba. Ya tambaya ko don a rage wa magaji girman kai ake yi, na ce ƙwarai, don haka ne. Ya tambaya ko har yanzu ana yi, na ce jefi-jefi. Sai ya dube ni da tausayi.

"Kai fa, Mushe, mahaifinka na da rai?"

"Ya rasu."

"Kai ne babba?"

"Ni ne."

"An yi maka?"

Na dubi katako hawa uku, na dubi Kumandan, na tuna taga. Na ce an yi.

A nan Tafinta ya tako gaba, ya yi gyaran murya irin ta masu shela.

"Jama'a, don kowa ya amfana. Bature ya tambayi Mushe ko shi ma an kayar da shi an shafe shi da kanwa lokacin da tsohonsa ya rasu. Mushe ya ce an yi."

Kawu ya rufe bangon a hankali. "Ba a yi ba tukuna," ya ce.

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Gardi ya jingina da bindigarsa yana share hawaye, matan da ke leƙe ta bayan zana har da guɗa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Malam Kyari. Ya miƙe tsaye.

"Wannan ai maganin ƙazuwar raƙumi ne. Littafina ne. Me ya kai shi cikin rabon gado?"

Ya nufi katako ya fizgo wanda ya ga ya yi kama da nasa. Na gaya muku kowanne da ɗan uwansa ya jingina, kuma ba igiya. Na kusa ya kwanta, na bayansa ya bi, hawa na sama ya zubo kan na tsakiya, allon ya zame daga kan tubali. Warƙoƙi suka malalo ƙasa, na fiƙihu da na nahawu da na taurari da waƙoƙin yabon Annabi, a cakuɗe da kayen 'yan lakwal masu biyu a tara da biyu.

Dariya ta ɗauke. Sunan Allah ne a ƙasa, a gaban Nasara, kuma ni na zubar. Dattawa suka durƙusa suna tsincewa suna salati, suna tarewa da riguna kada iska ta ɗauka. Ni ma na durƙusa da farin wandona, na kai hannu, wani tsoho ya buge shi kamar yadda ake yi wa yaro a bakin akushi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma ba kunyar Turawan ba ce.

Tafinta ya yi wa baƙo bayani tiryan-tiryan, bai rage komai ba, har da rago. Abin mamaki, Mai Duba bai damu da ƙaryar ɗari ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai ke nan al'adar babu ita? Da aka ce babu, ya soke shafi biyu a ɗan littafinsa, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Kumandan bai kore ni daga aiki ba, ina jin don ya daɗe bai yi nishaɗi irin na ranar ba. Kuɗin baɗi kuwa aka ƙara wa kaso ɗaki da su.

Gyaran ɓarnar ya ci wata biyu da kwanaki. Tunda komai ya cakuɗe, ba mai iya ɗaukar nasa ya tafi, dole malamai su riƙa haɗuwa a rumfar nan kowace safiya. Wannan ya ɗaga warƙa ya karanta kalmar ƙasa, a bi tuli ana neman mai farawa da ita. Ni an hana ni taɓa takarda. Aikina kawo ruwa da ɗora duwatsu a kan tuli. Mutanen da suka shekara ashirin suna ɓoye wa juna littafi sai ga su suna karanta na juna, suna gardama, har Malam Kyari ya roƙi Kawu ya bar shi ya kwafi babi biyu. Na taɓa cewa a gabansu ai wannan shi ne ɗakin karatun da nake nufi. Ba wanda ya ɗago, sai wani ya ce tulu ya ƙare.

Kowa ya samu nasa cif, ban da Kawu. Warƙa ɗaya ta ɓace daga littafin kakana, kuma ta ƙarshe ce. Na tone yashin rumfar da yatsu, na bi gida gida, na zazzage kowane bango sau uku. Ko iska ce, ko akuya, Allah ne masani.

Na kai masa littafin na zauna nesa. Ya juya har ƙarshe, ya ɗora hannu a inda ta kamata ta kasance.

"Ba hukunci ko ɗaya a cikinta," ya ce. "Sunansa ne, da sunan ubansa, da garin da ya rubuta, da ranar da ya gama. Sai ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Shi ke nan abin da ya nema a kan aikin shekara uku."

Da duka ya yi mini da na fi jin daɗi. Na yi kuka a gabansa, ƙaton mushe da ni. Ya bar ni na gama, sannan ya turo mini tawada da alƙalamin kara da farar takarda. Na ce hannuna ya lalace da rubutun Nasara, a ba wani mai kyan rubutu. Ya ce wanda ya zubar shi ke kwashewa. Ya haddace warƙar, ya yi ta faɗa ina rubutawa, haruffana suna tafiya kamar sawun kaza. Da muka kai ƙarshen roƙon kakana na ajiye alƙalami, ya ce in ɗauka, da saura. Ya sa na rubuta cewa wannan warƙa ba ta asali ba ce, ta asali jikan marubucin ne ya batar da ita garin neman ɗaki a wurin Nasara, wane ɗan wane, ga sunana cikakke. Duk wanda ya karanta, bayan ya yi wa marubuci addu'ar rahama, ya roƙa wa jikan hankali.

Ban daina neman ɗakin karatu ba, na ci gaba da rubuta takardu har na yi furfura. Sai dai tun daga ranar, in zan roƙi hukuma, abin da ke hannuna nake nunawa, ko tara ne biyu da cin gara. Littafin kuwa yana nan wurin jikokin Kawu, ana karantar da shi, kuma duk ɗalibin da ya sauke sai ya bi ta kan warƙata. Wasu har gida suke zuwa su gaishe ni, su ce sun yi mini addu'ar. Ina amsawa da amin, da gaske nake yi. Na haura tamanin yanzu, ina nan ina sauraron ranar da za a karɓa.